'Yan Kallo a Krakow

A titin Jozefa, gida mai lamba 12, cikin tsohuwar unguwar Yahudawa da ake kira Kazimierz a birnin Krakow na ƙasar Folan, akwai wani tsakar gida da za ka iya wucewa ba ka lura da shi ba. Soro ne mai duhu, sai fili mai daɓen duwatsu, sai wata matattakalar bene a jikin bango. Da hantsi na shiga, cikin watan Oktoba, sanyi yana bi ta wuyan riga. Na tarar da mutum goma sha wani abu sun kewaye wani saurayi ɗan jagora, yana ɗaga musu hoto baƙi da fari da aka lulluɓe da leda. Hoton matattakalar nan ce da ke gabanmu, kamar yadda ta fito a fim ɗin Schindler's List: wata uwa ta laɓe a ƙarƙashinta ranar da sojojin Jamus suka shigo share unguwa.

Wata dattijuwa mai jar hular sanyi ta matsa ta dafa bangon. Ba ta ce uffan ba, hawaye ne kawai ke zuba. Ɗan jagoran ya ci gaba da bayani, ya ce a nan aka ɗauki fim a 1993, amma abin da fim ɗin ya nuna a ƙetaren kogi ya faru, a unguwar Podgorze. Gine-ginen zamani ne suka yi wa can yawa, shi ya sa aka kawo kyamara nan. Matar ta janye hannunta kamar ta taɓa tukunya a kan wuta. Ta dubi hoton, ta dubi matattakalar. Da ayarin ya juya zai fita, sai na ga ta sake ɗora tafin hannunta a bangon, ta daɗe a haka.

Ban ga laifinta ba, domin abin da ya kawo ta shi ya kawo ni. Taro ne ya kai ni Warsaw, na ware kwana uku na hau jirgin ƙasa na gangaro kudu, tafiyar kamar awa biyu da rabi, don in taka wuraren da na sani a allon talabijin tun ina ɗalibi a Zariya.

A ɗakin taruwar ɗalibai muka kalle shi, a kaset ɗin bidiyo da wani ya karɓo haya, wajen ƙarshen shekarun 1990. Da farko ɗakin ya cika maƙil, don an ji sunan Spielberg mai Jurassic Park. Da aka ga baƙi da fari ne, kuma awa uku da kwata, rabi suka sulale. Waɗanda suka rage suka fara tambayar da kowane ɗan gidan kallo yake yi: wane ne akta, wane ne bos? Ba a jima ba aka gane. Dogon Baturen nan mai kwat da sigari, Oskar Schindler, shi ne akta. Amon Goeth, mai harbin mutane daga barandar gidansa da sassafe, shi ne bos. Sai hankali ya kwanta, don kowa ya san akta ba ya mutuwa, kuma wanda ya raɓe shi ya tsira.

Rimot yana hannun wani ustazu a cikinmu. Duk inda tsiraici ya fito sai ya tura kaset gaba, mu kuma mu sunkuyar da kai. Haka ya tura wurin da aka tuɓe fursunoni maza da mata, aka sa su gudu a fili ana tantance mai sauran ƙarfi da wanda za a kashe. Kunya ce ta sa, kuma tarbiyyar da aka yi mana ke nan duka. Na yi shekaru kafin in gane abin da muka tsallake. Tuɓe dattijuwa a bainar jama'a yana cikin kisan. Sai da aka raba mutanen nan da suturarsu sannan aka raba su da ransu. Mun kare idanunmu, muka bar su su kaɗai a filin.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A Filifin hukumar tace finafinai ta nemi a yanke wuraren tsiraici, Spielberg ya ce sai dai a fasa nunawa, har sai da Shugaba Fidel Ramos ya sa baki. A Amurka, da tashar NBC ta nuna shi a 1997 mutum wajen miliyan 65 suka kalla, ɗan majalisa Tom Coburn ya yi tir da tsiraici da ashar ɗin da ke ciki, daga baya ya ba da haƙuri. Malesiya kuwa a 1994 hana shi ta fara yi baki ɗaya, masu tacewa suka kira shi farfaganda. Indonesiya ma ta hana.

Da fim ya zo ƙarshe, wurin da ma'aikata suka ƙera wa Schindler zobe ɗauke da wata magana ta littafin Talmud mai daidaita ceton rai ɗaya da ceton duniya, ustazun nan ya tsayar da kaset ya ce ai wannan ma'anar tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 32. Na kusa da ni yana share ido da hularsa. Ni ma na yi kuka. Can daga baya wani ya ɗaga murya: "To, Falasɗinawa fa? Su wa zai yi musu fim?" Ba wanda ya tanka. Aka kashe talabijin.

Kazimierz ta yau cike take da ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar baƙi, kowace da sunan Schindler a jikinta. Kafin yaƙi Yahudawan Krakow sun haura 60,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Bayan yaƙi unguwar ta zama kango, gidaje suna ruɓewa, kuma mutanen gari da kansu suna faɗin cewa fim ɗin yana cikin abin da ya dawo mata da kasuwa. A titin Szeroka gidajen abinci sun jeru, ana goge ana busa irin kiɗan masu unguwar na da. A bayan wurin ibada na Remuh akwai katanga da aka gina da gutsattsarin duwatsun kaburbura da aka farfasa lokacin mamaya. Komai na unguwar yana nan, ban da masu ita.

Na haye kogin Wisla ta wata gadar ƙafa da masoya suka cika da kwaɗuna, na shiga Podgorze. A watan Maris na 1941 Jamusawa suka tusa mutum kimanin 15,000 cikin gidaje 320 da a da mutum 3,000 ke zaune a ciki, suka kewaye da katanga. Wannan ce unguwar killacewa da ake kira geto. Wani guntun katangar yana nan a titin Lwowska, samansa a lanƙwashe kamar kan dutsen kabarin Bayahude. Tun suna da rai aka nuna musu inda aka nufa da su.

Dandalin da ake tara su a kora su jirgi yanzu kujerun ƙarfe ne a cikinsa, 70, a jere, babu kowa a kai. An kafa su a 2005 don tuna kayan ɗakin da aka bari warwatse a wurin bayan an kwashe masu su. A watannin Yuni da Oktoba na 1942 aka yi ta lodin dubbai zuwa sansanin Belzec. Ranakun 13 da 14 ga Maris 1943 aka share sauran: masu ƙarfi aka tura sansanin Plaszow, wasu Auschwitz, tsofaffi da marasa lafiya da yara da yawa aka harbe su nan cikin lunguna.

A kusurwar dandalin akwai wani kantin magani mai alamar gaggafa. Mai shi, Tadeusz Pankiewicz, Kirista ne ɗan Folan. Da aka zo killace unguwar an ba shi wani kanti a waje ya ƙi, ya lallaɓa hukuma ta bar shi a ciki, shi da mata uku ma'aikatansa. Yanzu gidan tarihi ne, ana barin baƙo ya ja durowoyin da hannunsa. Mu huɗu ne kacal a ciki ranar. Abin da ya tsayar da ni kwalabe biyu ne cikin labarin wurin. Ɗaya ta rinin gashi: dattijo ya shigo da furfura ya fita da baƙin kai, ko Allah zai sa ranar tantancewa a ɗauke shi mai iya aiki. Ɗayar ta maganin barci: uwar da za ta ɓuya a bayan bango ta ɗiga wa jaririnta, kada ya yi kuka ya tona mutum ashirin. Na tsaya ina tunanin hannun uwar nan a kan cokali. In ta rage, yaro ya farka. In ta ƙara, ba zai farka ba. Pankiewicz yana shigar da wasiƙu da abinci, yana barin mutane su bi ta ƙofar baya, kuma ta tagar kantinsa ya ga komai, ya rubuta a littafin da ya fitar a 1947. Yawancin waɗanda ya rina wa gashi ba su tsira ba. Irin wannan ceton ba ya cika allon silima, don ba shi da jerin sunaye da za a karanto a ƙarshe.

A nan na fara jin labarin taragon cikin gari. Layinsa ya ratsa ta tsakiyar geto, kuma ba a daina bi ba. An dai hana shi tsayawa a ciki. Kowace safiya mutanen Krakow masu zuwa aiki suna wucewa, fuska a jikin gilashi, suna ganin maƙwabtansu na jiya, telansu, likitan 'ya'yansu. Wasu sukan jefo burodi ta taga, su saka ransu a haɗari. Galibi dai kallo suke yi har tarago ya fita ta ɗaya ƙofar. Tun daga lokacin kalmar nan ta ɗan kallo ta maƙale mini, na kasa ajiye ta har na bar garin.

Masana'antar Schindler tafiyar minti goma ce daga dandalin, a titin Lipowa lamba 4. Layi ya miƙe har waje, tagogin gaba cike da hotunan waɗanda suka tsira. An buɗe gidan tarihin a 2010, kuma abin da ke ba baƙi mamaki shi ne labarin Krakow ne a ƙarƙashin mamaya daga 1939 zuwa 1945. Ka bi ta lungu mai daɓe da tambarin 'yan Nazi, dole ka taka shi. Ka ga yadda Hans Frank, gwamnan mamayar Jamus, ya tare a fadar sarakunan Folan ta Wawel. Ka ga sunayen malaman jami'a fiye da 180 da aka kira taro ranar 6 ga Nuwamba 1939 aka kama su gaba ɗaya. Mutane suna wuce duk wannan da sauri. Wani magidanci a bayana ya tare ma'aikaciya yana tambaya cikin ƙosawa ina ofishin Schindler yake, shi don shi ya biya kuɗi. Akta yake nema.

Ofishin yana nan: tebur, tsohuwar taswira a bango, sai wani gini na gilashi da aka cika da tukwane da kwanuka, sunayen ma'aikatan a rubuce daga ciki. Da na ga kwanukan gabana ya faɗi, domin na san irinsu. Kwano ne mai fenti, dangin langa da samira da iyayenmu mata ke jere da su a ɗaki. A ɗakin kakata in ka fasa wa ɗaya baki sai ka kwana da yunwa. A nan kuwa katin shaidar cewa kana ƙera irin wannan kwano shi ne tsakaninka da jirgin Belzec.

Schindler da kansa ba waliyyi ba ne, kuma fim ɗin bai ɓoye wannan duka ba. An haife shi a 1908 a garin Svitavy, ya yi wa hukumar leƙen asirin sojan Jamus aiki, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1939, ya biyo bayan sojoji ya zo Krakow neman arziki. Ya karɓi masana'antar da a da ta Yahudawa ce, ya ɗebi Yahudawa aiki don sun fi arha. Mashayi ne, mai neman mata. Sannan a hankali, ba a san ranar ba, ya juya ya riƙa zuba dukiyar nan a cin hanci don ma'aikatansa su rayu, har a kaka ta 1944 ya kwashe kimanin 1,200 zuwa Brunnlitz a ƙasar Cek ta yau. Masanin tarihi David Crowe, a littafinsa na 2004, ya nuna cewa jerin sunayen nan ba Schindler ne ya zauna ya tsara shi kamar yadda fim ya nuna ba. Jerin ya bi ta hannun wani fursuna, Marcel Goldberg, wanda waɗanda suka tsira suka zarga da karɓar toshiyar baki. Shigar sunan wani fitar na wani ne. Akawun nan Itzhak Stern na fim, mutum uku aka haɗa aka yi shi. Matar Schindler, Emilie, wadda a watan Janairun 1945 ta yi jinyar kimanin mutum ɗari da aka kawo a daskare cikin taragun shanu, da ƙyar ake ganinta a allo. Bayan yaƙi duk sana'ar da Schindler ya taɓa sai ta rushe. Ya tafi Ajantina a 1949, ya dawo Jamus ya bar matar a can, ya ƙare rayuwa da taimakon mutanen da ya ceta. Ya rasu a 1974, kabarinsa yana Ƙudus.

Wannan duka bai rage shi a idona ba, sai ma ya hana ni sakat. Da waliyyi ne, da mun ce ai baiwa ce, mu kwanta. To ga ɗan kasuwa mai son abin duniya kamar kowa, ya yi. Saura me ya hana?

Da aka fara nuna fim ɗin a Jamus ranar 1 ga Maris 1994 a Frankfurt, Shugaba Richard von Weizsaecker yana wurin, kuma mutum wajen miliyan shida suka shiga silima suka gani. Aka yi ta muhawara: ko Jamusawa sun rungume shi ne don ya ba su Bajamushe nagari da za su laɓe a bayansa? Shekara 15 kafin nan an yi abin da ya fi wannan girgiza su. A watan Janairun 1979 talabijin ɗin Jamus ta Yamma ya nuna wasan kwaikwayon Amurka mai suna Holocaust, labarin iyali ɗaya. Elie Wiesel, wanda ya fito daga Auschwitz da ransa, ya ce an mayar da bala'i abin nishaɗi. Amma mutum kusan miliyan 20 suka kalla, dubbai suka buga waya tasha, wasu suna kuka, 'ya'ya suka fara tambayar iyayensu ina suke a lokacin. A watan Yulin shekarar majalisa ta soke wa'adin da in ya wuce ba a iya gurfanar da mai kisan kai. Abin da littattafan masana suka yi shekara talatin ba su yi ba, wasan talabijin mai rauni ya yi cikin mako ɗaya. Shi ya sa ba na iya bin masu sukar har ƙarshe.

Duk da haka sukar tana da nauyi. Claude Lanzmann, wanda ya yi Shoah a 1985, awa tara da wani abu na hira da shaidu ba ɗan wasa ko ɗaya, yana ganin akwai abin da bai halatta a kwaikwaya ba. Ni abin da ya fi damuna wani ne daban. Labarin Schindler ya fito duniya ne saboda wani da ya tsira, Poldek Pfefferberg, yana da kantin jakunkuna a Beverly Hills, ya tare marubuci Thomas Keneally da ya shigo sayen jaka a 1980 ya ƙi barinsa sai ya ji. Kowane fim irin wannan a bakin wanda ya rayu aka ɗauko shi, don haka kowanne yana da ƙofar fita. A Belzec, inda aka kai yawancin mutanen dandalin kujeru, lissafin Jamusawa da kansu ya nuna fiye da mutum 434,000 a 1942 kaɗai. Waɗanda suka tsira har suka ba da shaida mutum biyu ne. Cikin Yahudawan Folan miliyan uku da ɗoriya, kimanin miliyan uku aka kashe. Ɗan kallo yana fita silima da 1,200 a zuciyarsa, ransa ya yi sanyi.

Washegari na tafi Plaszow. Fili ne fetal, tudu da kwari, ciyawa ta rufe komai. A kan maƙabartun Yahudawa biyu aka gina sansanin, aka shimfiɗa hanya da duwatsun kaburbura. Yau mutane suna yawo da karnukansu, wani yana gudun motsa jiki. Gidan Goeth yana nan a titin Heltmana, an gyara shi, gida kamar kowane gida. Shi kuwa an rataye shi a Krakow a 1946. Sansanin da muka gani a fim an gina shi ne a wani ramin fasa dutse da ke kusa, mai suna Liban, kuma har yanzu hanyar duwatsun kaburbura na kwaikwayo tana kwance a ciki, baƙi suna gangarawa su ɗauke ta hoto. Kaɗan ne suka san ramin da kansa sansanin horo ne da aka azabtar da 'yan Folan a ciki lokacin yaƙin.

Kusa da babban gunkin tunawa na tarar da 'yan makaranta da malamarsu. Biyu a baya suna ƙyalƙyala dariya ƙasa-ƙasa, ta juyo ta harare su, suka yi tsit. Sai na tuna yaran Oakland. A watan Janairun 1994, ranar tunawa da Martin Luther King, aka kai ɗalibai kusan 70 na makarantar Castlemont, galibinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, kallon fim ɗin. Da aka harbe wata mata a ka, wasu suka yi dariya. Aka tsayar da fim aka fitar da su, jaridun Amurka suka yi musu ca. Daga baya aka ji cewa ba a shirya su da darasin tarihin ba, kuma da yawansu sun san harbi a unguwarsu, ba a allo ba. Spielberg ya je makarantar da kansa. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ya san dariyar nan. Takan fito ne lokacin da abu ya fi ƙarfin ƙirji. Na fi jin tsoron kukan da muka yi a Zariya, wanda ya wanke mu muka tashi muna jin mu mutanen kirki ne.

Auschwitz kilomita 70 ne yamma da Krakow, kuma ba zan tsawaita a kansa ba. Mutum kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari aka kashe a can, kusan miliyan ɗaya Yahudawa. Akwai ɗakin da aka tara gashin mata a bayan gilashi, an hana ɗaukar hoto, kuma a nan ne kaɗai na ga kowa ya mayar da waya aljihu ba sai an roƙe shi ba. A fim, an kai mata 300 ma'aikatan Schindler nan, aka tura su ɗakin wanka, fitila ta mutu, sai ga ruwa ya zubo. Na tuna ajiyar zuciyar da muka yi a tare. Matan sun tsira da gaske. A Birkenau, wani ɓangare na sansanin, na tsaya gaban ɓaraguzan ɗakunan iskar guba da 'yan Nazi suka tarwatsa kafin sojojin Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairu 1945. A waɗannan ɗakunan ruwa bai zubo ba.

Da dare a masauki, bayan na haɗa sallolina, na buɗe waya, hotunan yaran Gaza suka cika ta. Tambayar ɗan bayan ɗaki ta dawo. Ba tambayar banza ba ce, kuma ba mu kaɗai muka ji ƙaiƙayinta ba. Fim ɗin ya rufe da waƙar Ƙudus da aka yi a 1967, wadda ta zama taken yaƙin shekarar. 'Yan kallo a Isra'ila kansu ba su ga dacewarta ba, aka sauya ta a kwafin da aka nuna can. A watan Maris 2024 Jonathan Glazer, Bayahude, da ya karɓi kyautar Oscar kan The Zone of Interest, fim a kan iyalin kwamandan Auschwitz da ke renon furanni a bayan katangar sansanin, ya ambaci Gaza a jawabinsa, aka yi masa caa, wasu kuma suka tsaya masa. Amsata yau ga abokin nan ita ce: jaririn da aka ɗiga wa maganin barci a Podgorze bai ƙwace gonar kowa ba. Wanda ya ce sai ya rufe ido a kansa kafin ya iya kukan Gaza, ya koyi ainihin darasin da aka gina katangar Lwowska da shi, wato a duba kabilar yaro kafin a tausaya masa.

Budurwar da ke karɓar baƙi a masaukin ta tambaye ni me na gani. Da na ambaci fim ɗin ta ɓata fuska. Ta ce mutanenta a ciki su ne yarinyar da ke yi wa Yahudawa ihun kora, da yaron da ke nuna yanka a wuya. Tana da hujja. A Folan ta mamaya hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne, har da iyalinka. A ƙauyen Markowa, ranar 24 ga Maris 1944, aka harbe Jozef Ulma da matarsa Wiktoria mai tsohon ciki da 'ya'yansu shida, tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye. Cikin waɗanda cibiyar Yad Vashem ta karrama da ceton Yahudawa, 'yan Folan sun haura 7,000, sun fi na kowace ƙasa. Amma akwai kuma Jedwabne, inda ranar 10 ga Yuli 1941, a ƙarƙashin mamayar Jamus, maƙwabta suka kora ɗaruruwan Yahudawan garinsu cikin rumbu suka cinna wuta. Da aka yi fim ɗin Poklosie a 2012 kan irin wannan, jaruminsa Maciej Stuhr ya sha zagi da barazana. Kowace al'umma tana son a nuna mata mai cetonta. In an juya kyamara kan maƙwabci sai rai ya ɓaci.

Ban iya yi mata gardama ba, don na san halin daga gida. Ranar 23 ga Yuni 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum 262, galibi Kiristoci, mata a gidansa maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Mun yi ta tura labarinsa a WhatsApp muna alfahari, kowa yana ji kamar da shi ne haka zai yi. A rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, bai fi shekara biyu da kukan da na yi wa zoben Schindler ba, ina gidan yayana. Akwai wani tela ɗan kudu a layin, shi ya ɗinka mini kayan salla. Na ji ana dukan ƙofar shagonsa. Na ɗaga gefen labule na leƙa, na ga fuskokin da na sani. Na saki labulen. Matar yayana ta ce, "Don Allah ka matso daga tagar nan." Na matso. Ban sake ganin telan ba, kuma ban taɓa bin sawunsa ba.

Ranar da zan tafi na koma dandalin kujeru da sassafe. Raɓa ta kwanta a kan ƙarfen, wani ya ajiye ƙaramin dutse a kan ɗaya daga ciki, kamar yadda Yahudawa ke yi a kabari. Na taka zuwa titin Limanowskiego na hau tarago, na samu wuri a jikin taga. Muka bi tsakanin gidajen nan masu hawa uku, ga kantin gyaran waya, ga wata mata tana shanya a baranda. Numfashina ya rufe gilashin, na goge da hannun riga. A tsakiyar tsohuwar unguwar taragon ya rage gudu ya tsaya, ƙofofi suka buɗe. Wata tsohuwa ta hawo da burodi a jakar takarda, ta zauna kusa da ni.